Daga Kasuwar Barci na sayo abinda ya hana ni barci

Wai fa takalmin makaranta naje nema ma babban yarona. Wata Asabar ce a ƙarshen 2019, hunturu ya fara busawa, na shiga Kasuwar Barci a nan Kaduna ina ta kutsawa cikin 'yan gwanjo, sai na biyo ta gaban wani mai tarkace, irin masu shimfiɗa buhu a ƙasa su zube kaya ɗin nan, 'yar tsana mai hannu ɗaya, agogon bango da ya mutu, caja, rimot ɗin da ba wanda ya san na wace talabijin ne. Cikin tarkacen na hango wani ɗan katako mai kusurwa huɗu, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, jikinsa duk zane ne ƙanana ƙanana kamar aikin hula zanna. Na ɗauka na girgiza, naji wani abu na ƙwal-ƙwal a ciki. Na juya gaba na juya baya, ba murfi, ba kwaɗo, ba ramin mukulli, ko alamar inda aka haɗa shi babu.

Nace Malam wannan fa na menene? Yace wallahi Alhaji a dila ya zo, inaga irin na danne takarda ne a ofis, kawo dubu ɗaya. Muka daidaita a 600. Takalmin kuwa ban samu daidai ƙafarsa ba ranar, har yau in uwargida ta so tsokana sai ta tuna min an aike ni takalmi na dawo da icce.

Kwana 4 yana zaune kan talabijin. Duk wanda ya shigo sai ya girgiza yaji ƙarar nan, yara suka ce kuɗi ne, ƙanina yace laya ce kar a kuskura a buɗe, ai kayan gwanjo ba a san hannun da suka fito ba, uwargida kuma tace ga taɓarya can a kicin in dai son ganin cikin ne ya dame ni. Ni dai na kasa fasawa, don nasan duk wanda ya zauna ya tsara wannan zanen ba zai jefa abu ciki ya liƙe da gam haka kawai ba.

Dare na biyar aka ɗauke wuta, ga sanyi, ina kishingiɗe a falo ina jin rediyo ina jujjuya shi a hannu ba da niyyar komai ba, kawai babban yatsana ya tura gefe ɗaya sai naji wani siririn katako ya zame. Kaɗan fa, bai fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma wlh sai da na miƙe zaune kamar an tsikare ni. Na kunna fitilar waya na kafa ta a baki, ashe a tsakiyar fuskar nan akwai wani ɗan ziri da aka yanka daidai kan layin zanen, shi yasa ido baya kama shi. Na tura fuskar gaba ɗayanta ƙasa, ta sauka kaɗan ta tsaya cak. Na taɓa sama, murfin ya matsa kamar kaurin farce, shima ya cije. Toh daga nan fa aka shiga daji, in na tura wannan sai wancan ya kulle, in na koma baya sai in manta ta inda na biyo, yawu na bin gefen waya, wuya ya ƙage, wajen ƙarfe ɗaya uwargida ta leƙo tace Yallaɓai lafiya dai ko? Nace je ki kwanta saura kaɗan. Ban san saura nawa ba, faɗa kawai nayi.

Sai daga baya na gane yadda cikin yake. Kowane bango na akwatin sakata ne ga maƙwabcinsa. An fafe musu 'yan hanyoyi ta ciki, ga 'yan haƙora da ke bin hanyar, haƙorin wannan bangon ba zai wuce ba sai wancan ya kauce mashi, shi kuma wancan ba zai kauce duka ba sai an ɗan saki na ukun. Kamar gosulo ne a bakin kasuwa da yamma, kowa ya danno hanci, sai wani ya haƙura ya ja baya taku ɗaya tukun na gefensa ya samu ya motsa, shima ɗan kaɗan.

Wajen biyu da rabi murfin ya zame gaba ɗaya, sulɓ. Motsi 10 ne cif, yanzu ko ido a rufe bana kai minti ɗaya. Abinda ke ƙara a ciki kuwa kwabo ne ƙwaya ɗaya, ruwan tagulla, da huji a tsakiya irin kwabon da da kakanninmu ke zurawa a zare, da hoton zangarniyar shinkafa, ba lamba ko guda da zan iya karantawa. Wani abokin aikina da ya taɓa zuwa kwas Japan ya gani yace yen 5 ne, su a wajensu kuɗin sa'a ne, don sunansa yayi kama da kalmarsu ta kyakkyawar alaƙa. Kenan wani ne can ya jefa shi ciki ya rufe, akwatin yayi ta yawo hannu zuwa hannu har ya ƙare a kan buhu a Tudun Wada. Kwabon na nan a ciki, ban cire ba.

Ta dalilin kwabon na gano sunan abin. Himitsu-bako suke ce mashi, wato akwatin sirri, kuma gidansa Hakone, wani yanki mai duwatsu da maɓuɓɓugan ruwan zafi a kudu maso yamma da Tokyo, ba nisa da dutsen Fuji. Tsohuwar hanyar Tokaido da ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yanzu, da Kyoto ta nan ta ratsa, matafiya su yada zango su huta su sayi tsaraba, kamar dai yadda ake tsayawa a Tafa ko Kwanar Ɗangora, sai dai su tsarabarsu aikin katako ce. Abinda ya fi ɗaure min kai shine zanen, don na rantse fenti ne. Ashe babu fenti ko ɗigo. Itatuwa ne kala-kala kowanne da launin da Allah ya halicce shi da shi, fari, ruwan ɗorawa, ja, baƙi, a fere su sirara masu kusurwa uku ko huɗu, a haɗa da gam a ɗaure su zama dunƙule ɗaya, sannan a dinga fere fuskar dunƙulen shafal-shafal kamar takarda, kowane fere ya fito da zanen cif, shi ake mannawa a jikin akwati. Yosegi sunan sana'ar, ana danganta farkonta da wani mai suna Ishikawa Nihei a ƙauyen Hatajuku wajen shekara 200 da suka wuce, a 1984 gwamnatinsu ta sa ta cikin sana'o'in gargajiya na ƙasa. Kuma zanen aiki yake yi, shi ke ɓoye inda aka yanka. Har ma'aunin kansu gare su, sun, wajen santimita 3 kenan, nawa sun 4 ne mai motsi 10, akwai mai 7, mai 21, mai 72, akwai waɗanda suka haura 100.

Toh kun san yadda ciwo ke farawa. Yanzu guda 19 gare ni a cikin shokes ɗin da aka sayo don kwanukan tangaran, kwanukan sun koma ƙasa.

Ba wai duka masu tsada bane, kar wani ya ɗauka wani hamshaƙi ne ni, albashi nake jira kamar kowa. Biyu kawai na taɓa yin oda kai tsaye daga Japan, shima kafin Yunin 2023 ne lokacin dala a hukumance bata kai naira 500 ba, da ta haura 1,500 a farkon 2024 na rufe wannan shafin, don kuɗin aikowa kaɗai sai ya fi kuɗin akwatin, ga jiran wata biyu kana bibiyar lamba a waya kamar mai jiran sakamakon jarabawa. Sauran roƙo ne. Duk wanda naji zai yi tafiya sai na tura mashi hoto. Wani ɗan unguwarmu mai zuwa Sin sarin kayan waya ya kawo min guda 5 a tashi ɗaya, uku daga ciki irin na filawud ɗin nan ne da inji ke yankawa, gefensu baƙi-baƙi suna warin ƙuna, kuma gaskiya bana son su. Suna da dabara, ban hana ba, wani ma har da ƙafafu masu haƙora da lambobi, amma a hannu kamar kwalin ashana suke, in ka tura baka sanin kulle ne ya riƙe ka ko kuwa rashin kyan yanka ne. Akwatin kirki in yace a'a, a'a ɗin tsaf take fitowa, tik, kasan ba nan bane. In yace eh kuma baya buƙatar ƙarfi ko na sisin kwabo.

Wanda na fi ji da shi bayan na farkon, Kawu ne ya kawo min daga Maroko da suka je ziyara Fas. Na itacen da suke kira ar'ar ne, wanda garin Essawira ya shahara da aikinsa, ja-ja mai ɗigo-ɗigo kamar idon tsuntsu, in ka buɗe wani ƙamshi ke tasowa kamar an buɗe tsohuwar adakar turare. Shi nasa salon daban, akwai mukulli na gaske amma an ɓoye shi a jikin akwatin, sai ka zame gindin, ka sauke wani ɓangare, ɗan mukullin ya faɗo, kana murna, sai ka tuna ai baka ga ramin da zaka zura shi ba, shima an ɓoye. Kawu da ya miƙo min yace ungo, mai shagon ya nuna min sau uku amma kafin mu hau jirgi na manta, in ka buɗe akwai dabino ɗaya a ciki naka ne.

Waɗanda nake kallo a hoto kawai ina haɗiyar yawu sune na su Akio Kamei, wani gwani a Odawara kusa da Hakone ɗin, da ya haɗa ƙungiyar masu wannan aikin mai suna Karakuri a 1999. Su sun wuce zame bango, kowane akwati da wayonsa, wani siffar ƙwai, wani kofin gahawa da cokalinsa, kuma siffar ita ce satar amsar, sai ka tambayi kanka shin me mutum yake yi da ƙwai in ya ɗauka. Ranar da uwargida ta ƙirga nawa tace abin ya fara yawa, nace mata ke kin san wani Ba'amurke Jerry Slocum ya tara irin waɗannan kayan wasa ƙwaƙwalwa sama da 30,000 har ya kyautar da su ga ɗakin karatu na Jami'ar Indiyana a 2006, kuma tun 1978 ya fara tara masu irin ciwonsa suna taro suna musayar kaya? Tace Allah sarki, Allah Ya ba matarsa ladan haƙuri.

Amma tambayarta tana da kai, tace in ka riga ka buɗe kuma me ya rage? Nan ne fa inda gizo ke saƙar. Akwatin nan sau ɗaya tak yake buɗuwa a rayuwarka. Eh zaka sake buɗe shi sau dubu, amma wancan daren na fitilar waya a baki baya dawowa, hannunka ya riga ya haddace, ko ka so ka manta yatsa zai kai kansa wajen. Na taɓa ɓoye ɗaya a saman wadirob shekara guda cur wai don in manta, ranar da na sauko da shi kafin in gama zama ya buɗe. Haushi kamar in yi kuka. Shi yasa mai tara su baya ƙoshi, abinda yake saye shine kwana ukun nan ko sati biyun da zai yi bai sani ba, katakon kyauta ne aka ɗora mashi a kai.

Saboda haka nake da doka, bana kallon amsa a YouTube. Sau ɗaya na karya ta, akan wani na ƙarfe ɗan kamfanin Hanayama, irin waɗanda suke jerawa daga mataki na 1 zuwa na 6 gwargwadon wuya, nawa na 6 ne, ya cinye min sati uku, ranar nan raina a ɓace na dawo daga aiki na buɗe bidiyo, cikin daƙiƙa 40 wani ya raba shi biyu yana surutu. Na kwaikwaya ya rabu. Ko daɗi banji ba, kamar ka sayi kifi a kasuwa ka rataya a ƙugiya ka dawo gida kace daga kogin Kaduna kake. Lokacin muna yara in aka yi maka kacici-kacici ka kasa, sai ace ba ni gari, ka bada Zariya ko Kano sannan a faɗa maka. Toh ranar na bada gari, kuma har yau in na kalli ƙarfen nan sai naji ba nawa bane.

Abinda ya rage bayan ka buɗe shine ka miƙa ma wani ka koma gefe kayi shiru. Wannan ma wani daɗin ne na daban, kusan ya kamo na farkon. Baƙo na zuwa, kafin a kawo ruwa na ɗora mashi ɗaya a cinya. Akwai masu ƙarfi, minti biyu sun fara murɗawa suna neman sa haƙori, su nake tsaye a kansu kamar mai gadin jarabawa ina dan Allah a hankali. Akwai mai cewa kai ni ba ni da lokacin shirme, ya ajiye, ana cikin hira sai kaga hannunsa ya koma ya ɗauka. Wani abokina bakanike a kunne yake karawa, ya karkata shi a hankali yana sauraro, yace akwai 'ya'yan boris biyu a nan, ɗaya na gudu ɗaya an riƙe shi da maganaɗisu, kuma haka ɗin ne. Hajiyarmu kuwa, wadda nace ba zata ma kula ba, ta karɓi na Marokon ta ajiye kusa da dardumarta, bayan kwana biyu ta aiko a kira ni, na tarar da shi a buɗe ta sa goronta a ciki, tace wannan ne kake ta wahala a kai?

Mafi ban haushi dai shine na 'yar autata. Wani ɗan dogo ne cikin na Sin ɗin, ba abinda ke zamewa a jikinsa, in ka girgiza kaji ƙananan ƙarafa na kai da kawo. Kwana 9 ina fama, na karkata, na kifa, na buga a tafin hannu, na kawo maganaɗisun tsohuwar sifika na bi jikinsa kaf. Yarinya 'yar shekara 6 ta ɗauka ta ɗora kan tayil ta murza shi kamar katantanwa, wasanta kawai take, yana tsayawa ta ɗaga murfin ya biyo hannunta, tace Abba ba komai a ciki. Ashe 'yan ƙusoshi ne kwance a ramuka, duk ta inda ka karkata wani zai gangaro ya tare murfin, sai in an juya akwatin da gudu ne dukkansu ke watsewa gefe lokaci ɗaya su bar tsakiya. Na bata naira 200 nace kar ta faɗa ma kowa, kafin magariba duk layinmu sun ji.

Sai kuma abinda ba wanda ya gaya min, wanda masu yin akwatin can basu san da shi ba, wato yanayin Kaduna. A 2022 ni da bakina na ba uwargida shawara ta dinga ajiye ɗan kunnenta da sarƙar gwal a cikin babban na Japan mai motsi 21, wai ɓarawo ba zai gane ba. Tace ɓarawon da zai ɗauke akwatin gaba ɗaya ya sa a aljihu? Duk da haka ta biye min. Aka shiga Agusta, ruwa kusan kullum, bango na gumi, shanya bata bushewa, ranar kamun ƙanwarta ta gama shiri tsaf ta ɗaura ashobe tace buɗe min. Motsi na ɗaya, na biyu, har na shida lafiya lau, na bakwai yace bai san zance ba. Nasan hanyar fa, ba mantuwa nayi ba, katakon ne ya sha danshi ya kumbura, kuma katako ta faɗinsa yake kumbura ba ta tsawo ba, 'yar tazarar da aka bari tsakanin bango da bango wadda bata kai kaurin takarda ba ta cike. Mota na ta hon a waje, ƙawayenta na kira, ni ina durƙushe ina zufa ina lallashin icce. Ta tafi kicin, naji ƙarar taɓarya, na rungume akwatin na shige banɗaki na kulle. Da ɗan kunnen aro taje bikin, kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yadda na cece shi, na bi shagunan masu takalma na roƙi 'yan ƙullin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ake samu cikin kwali, masu shan danshi, na tara kusan 30, na zuba a robar fenti mai murfi na sa akwatin na rufe ruf. Kwana 5 ya saki da kansa. Tun daga nan da damina a roba suke kwana. Da hunturu kuma akasin haka, su bushe su saki har wani in ka karkata shi bangon ke zamewa da kansa, ɗaya ma fatar zanen ta tsage a kusurwa a wata Janairu, shima don na bar shi a mota ne. Kar a sa mai, ko na keken ɗinki, katako shanye shi yake ya ƙara kumbura ya ɓata launi, ɗan kyandir ake gogawa a hanyar. Gara kuwa Allah Ya raba, shi yasa ko kusa da bango bana jingina su.

Da dala ta gagare ni ne na fara tunanin Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna. Nace mutanen da ke ƙera injin niƙa da injin gyaran shinkafa daga ƙarfen bola, ɗan akwati ne zai gagare su? Na fara da masu walda, wani yaro ya lanƙwasa min ƙusa biyu masu shiga juna, daga baya na nuna mashi hoton zobba 9 na mutanen Sin, waɗanda sai anyi motsi 341 kafin a zare su daga sandar, ya haɗa min da waya da washa a yini ɗaya, kuma yana aiki sumul. Kafintoci ne muka sha fama. Na farko ya kalla yace an gama Oga, ya kawo min abu kamar akwatin zaɓe, tazarar da ya bari sai ka zura ɗan yatsa, ya cike da hodar katako da gam ya shafe da banish. Na biyu yayi da ɗanyen katako, sati biyu ya murɗe kamar ganda. Ba laifinsu bane sosai, mai yin gado da kujera in ya kuskure da rabin santimita ba wanda zai sani, nan kuwa kaurin gashi ne tsakanin ya buɗu da ya ƙi.

Sai wani ya nuna min wani tsoho can ciki, rumfarsa ko allo babu, yana gyaran tsofaffin durowoyi. Na gaishe shi na miƙa mashi na Kasuwar Barcin ban ce komai ba. Bai girgiza ba, bai danna ba, ya gyara tabarau ya dinga bin kusurwoyin da farce, can yace wanda yayi wannan ya bar iccen ya huta kafin ya taɓa shi. Nace Baba zaka iya irinsa? Yace irinsa a'a, wannan zanen aikin wasu ne, amma in abin ɓoyo kake so ai mu ma mun gada, kai baka taɓa ganin kwaɗon icce na ƙofar rumbu ba? Kuma gaskiyarsa, Dogon na ƙasar Mali sun shahara da shi, 'yan ƙusoshi ne ke faɗowa cikin sakata su riƙe ta sai an zura mukulli mai haƙora ya ɗaga su, kwaɗon da muke sa ma shago yau irin wanda wani Ba'amurke Linus Yale ya gyara a shekarun 1860 ma dabarar kenan, sifirin aka ƙara mata. Baban yace kar in sayo sabon katako, in nemo tsohon da ya ga damina da hunturu da yawa ya gama duk motsin da zai yi. Na tuna da ƙafar tsohon gadon Hajiya na maɗaci da ke jingine a sito tun ina firamare, na kai mashi a Keke.

Wata biyu yana min gobe, jibi. In naje sai in tarar ya ture shi gefe yana gyaran kujerar wani, yace ɗana ba a yi ma wannan gaggawa. Asabar ɗin da ta wuce dai ya miƙo min a cikin baƙar leda. Ba zane, ba ƙyalli, ja ne wur mai nauyi, ya goge shi da samfefa har yana santsi kamar sabulu, ya ɗan fi na Japan ɗin girma, kuma na bi shi da farce ta ko'ina ban ji gaɓa ba sai guda ɗaya, ita ma na tura bata motsa ba. Munyi ciniki a 9,500, na bashi dubu goma tun farko. Na tsaya ina jiran canji yana ta share rumfa kamar bai gan ni ba, nace Baba saura ɗari biyar ɗina. Yace tana ciki.

Yau kwana 6. Na gano in an kifa shi wani abu na faɗuwa tik, in an mayar baya komawa sai an karkata hagu, kuma gaɓar nan tana ɗan numfasawa in abin yana sama, iyakar inda na kai kenan. Na hana 'yar auta taɓawa, na ɗora shi can saman firij inda hannunta baya kaiwa, jiya na dawo daga masallacin isha na tarar ta jawo kujera.